Yadda Ake Bin Sawun Ɗan Wasan Birtaniya da Muryarsa Ta Fi Fuskarsa Aiki

Wani dare ina kwance da abin sauraro a kunne, ina jin wasan kwaikwayon rediyo na Sherlock Holmes, cikin waɗanda BBC ta yi bayan shekarar 2000. Wanda ya fito a Dakta Watson dattijo ne mai sanyin murya, yana magana a tsanake kamar mai auna kowace kalma kafin ya sake ta. Da wasan ya ƙare, mai sanarwa ya shiga jero sunayen 'yan wasa, sai na ji ya ce Andrew Sachs. Na tashi zaune, na mayar da shi baya na sake ji. Ni dai Andrew Sachs ɗin da na sani shi ne Manuel na shirin barkwancin talabijin Fawlty Towers, ma'aikacin otal ɗin nan ɗan Barcelona mai kwaɓa Turanci, wanda maigidansa ke kwaɗa wa duk abin da ya zo hannu. Ina wannan, ina wancan?

Fawlty Towers kashi 12 ne kacal, shida a 1975, shida a 1979. Mutumin kuwa ya yi shekara 86 a duniya, kuma fiye da hamsin daga ciki yana aiki. To ina sauran aikin ya shiga? Wannan tambayar ce ta jefa ni cikin tonon tarihin 'yan wasan rediyon Birtaniya, kuma abin da ke biye shi ne yadda nake yi yanzu, bayan na sha tuntuɓe. Zan riƙa komawa kan Sachs domin da shi na koyi hannu, amma hanyar ɗaya ce ko wane ne kake nema.

Ka fara da suna, kuma kada ka yarda da shi. Ƙungiyar 'yan wasan Birtaniya, Equity, wadda aka kafa a 1930, ba ta barin mambobi biyu su yi aiki da suna ɗaya. Saboda haka wanda ya zo ya tarar an riga shi sai ya nemi wani. David Tennant, alal misali, sunansa na yanka David McDonald, ya sauya ne domin akwai mai wannan sunan a rajista. Shi kuma Sachs sunansa Andreas Siegfried Sachs, an haife shi a Berlin ran 7 ga Afrilu 1930, mahaifinsa Bayahude ne, iyalin suka gudo Ingila a 1938 saboda 'yan Nazi. Akwai kuma masu suna na uku, na alƙalami. Norman Painting, wanda ya yi kusan shekara sittin yana fitowa a Phil Archer cikin shirin rediyo na The Archers har rasuwarsa a 2009, ya rubuta wa shirin kashi sama da dubu da sunan Bruno Milna. Wanda ya nemi Painting kaɗai ya bar rabin mutumin a baya. Don haka a shafin farko na littafinka ka jera duk sunan da aka taɓa kiransa da shi, har da yadda ake kuskuren rubuta shi. Za ka ga amfanin na ƙarshen nan gaba kaɗan.

Daga nan sai haihuwa da aure. Ga wanda aka haifa a Ingila ko Wales, akwai FreeBMD, inda 'yan sa kai suka kwafe jerin rajistar haihuwa da aure da mutuwa tun daga 1837, kuma kyauta ne. Abu biyu za ka kiyaye. Tsohon jerin ba ya ba ka rana, sai dai zangon wata uku: na Maris, na Yuni, na Satumba, na Disamba. Kuma zangon na rajista ne ba na haihuwa ba. Iyaye suna da kwana 42 su yi wa jariri rajista, don haka wanda aka haifa a ƙarshen Disamba yana iya ɓullowa a zangon Maris na shekara mai zuwa, daga nan ne ake samun littattafai biyu suna saɓani da shekara guda. Daga 1911 jerin yana nuna sunan gidan su uwar, wanda ke taimakawa wajen rarrabe masu suna iri ɗaya. Sikotland tana da nata rumbun daban, ScotlandsPeople. Ni kuwa na ɓata yammaci guda ina neman haihuwar Sachs a rajistar Ingila kafin na tuna mutumin da aka haifa a Jamus ba shi da abin yi a can. Laifina ne, ba na kowa ba.

Yanzu ga inda aikin yake. Tun 28 ga Satumba 1923 mujallar Radio Times ke buga jadawalin shirye-shiryen BBC mako-mako, kuma ga wasannin kwaikwayo takan jera sunan kowane ɗan wasa da rawar da ya taka, da marubuci, da furodusa. BBC ta ɗauki hoton waɗannan mujallu daga 1923 zuwa 2009 ta zuba a intanet da sunan Genome, wanda yanzu ke cikin abin da suke kira Programme Index. A nan za ka ga rayuwar da shafukan jerin fina-finai ba su san da ita ba. Ka rubuta sunan tsakanin alamun zance, ka zaɓi rediyo kaɗai, ka sa a jero maka daga mafi tsufa. Kada ka ce za ka haɗiye duka a zama ɗaya. Ni shekara biyar-biyar nake ɗauka, in gama, in huta, in dawo.

Ka buɗe tebur, ko a takarda ko a kwamfuta, mai gida shida: kwanan wata, tasha, sunan wasa, rawar da ya taka, furodusa, sai gida na ƙarshe inda za ka rubuta sabo ne ko maimaici. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ban sa ba da farko, kuma shi ya kunyata ni. Wasan rediyo a BBC akan sa shi yau, a maimaita bayan 'yan kwanaki, a sake sawa bayan shekara biyu, sannan tashar tsofaffin shirye-shirye ta ɗauka ta yi ta juyawa. Tashar nan an buɗe ta a 2002 da sunan BBC 7, aka mayar da ita Radio 4 Extra a 2011. Kowane maimaici yana fitowa a bincike kamar sabon aiki. Na taɓa ƙirga wa wani ɗan wasa ayyuka a shekarun da yake kwance a kabari, ina ta mamakin ƙwazonsa. Dabarar ita ce ka nemi sunan wasan shi kaɗai, ka ga ranar da ya fara fita, ita ce za ka riƙe.

Gidan furodusa kuma kada ka raina shi. Idan ka cika shafi uku ko huɗu za ka fara ganin suna ɗaya yana dawowa. A rediyo furodusa ne ke zaɓar 'yan wasa, kuma wanda ya ji daɗin aiki da kai zai sake kiranka. Idan sunan wani furodusa ya ɓace daga teburinka, sau da yawa za ka ga ayyukan ɗan wasan sun yi ƙasa a daidai lokacin. Wannan ba jarida ce za ta faɗa maka ba, teburin ne.

Sunayen tashoshi suna rikita sabon shiga. Kafin 30 ga Satumba 1967 babu Radio 4, babu Radio 3. Akwai Home Service, wadda ta zama Radio 4. Akwai Light Programme, ta nishaɗi da barkwanci, da aka buɗe a 1945, wadda ta zama Radio 2. Akwai Third Programme ta 1946, ta manyan adabi da kiɗan gargajiyar Turai, wadda Radio 3 ta gada. Tashar da mutum ya fi fitowa tana gaya maka irin kallon da ake masa. Wanda kullum yana Light Programme ɗan ban dariya ne a idon masu ɗauka, wanda ake kira Third an yarda yana iya ɗaukar nauyi. Mai yawo a duka ukun, to wannan ka riƙe shi da kyau, gwani ne.

Sai dai rumbun nan yana da ramuka, kuma gara ka san su tun kafin ka faɗa. Na farko, na'ura ce ta karanta tsofaffin shafukan, takan ɗauki wani harafi ta ba ka wani, shi ya sa na ce ka ajiye kuskuren rubutun suna: ka gwada Sachs, ka gwada Sacks, ka gwada da harafi ɗaya a ɓace. Na biyu, Radio Times tana nuna abin da aka yi niyyar watsawa ne, domin ana buga ta kafin makon ya zo. Idan sarki ya rasu, ko yaƙi ya ɓarke, ko ɗan wasa ya kwanta ciwo aka sa wani, mujallar ba ta sani ba. Na uku, rumbun na shirye-shiryen BBC ne kaɗai. Tashar talabijin ta ITV, da ta fara a 1955, a da tana da tata mujallar, TV Times, kuma ba ta cikin rumbun, don haka fitowar Sachs a Coronation Street a 2009 ba za ka gan ta a nan ba. Na huɗu shi ne mai ciwo. A farkon Yaƙin Duniya na Biyu BBC ta kafa ayarin 'yan wasanta na dindindin, waɗanda ake ɗauka da kwantiragi su yi duk rawar da aka miƙa musu, yau sarki, gobe direba, jibi muryoyi uku a wasa guda. Sau da yawa jadawalin yakan jera manyan sunaye ya ce sauran rawa 'yan ayarin ne suka taka. Mutum ya yi wata shida yana shiga sutudiyo kullum, sunansa bai fito ko sau goma ba. Idan ka ga shekarar da ta yi shiru, kada ka yi saurin rubuta cewa ba ya samun aiki.

Ayarin nan daga baya an sa masa suna Radio Drama Company, kuma hanya ɗaya ta shigarsa ga ɗaliban makarantun wasa ita ce gasar da ke ɗauke da sunan Carleton Hobbs. Hobbs, wanda aka haifa a 1898 ya rasu a 1978, shi ne Sherlock Holmes na rediyo daga 1952 zuwa 1969, Norman Shelley yana yi masa Watson. Idan ka ga an ce ɗan wasanka ya ci wannan gasa, ka san inda za ka fara neman watanninsa na farko.

Shirun shekara yakan zama dandamali ne. 'Yan wasan zamanin Sachs galibi sun fara ne a ƙananan gidajen wasa na garuruwa, inda ake sauya wasa kowane mako: da dare kana yin na wannan mako, da safe kana haddar na mako mai zuwa. Jaridar The Stage, da ke fita tun 1880, ita ce ke bin wannan duniyar, kuma tsofaffin fitowarta suna cikin British Newspaper Archive, wanda ake biya kafin a karanta. A can za ka ga wane gari yake a wace shekara. Sachs kansa ya yi shekaru a ƙarshen shekarun 1950 da farkon shekarun 1960 cikin ayarin barkwancin Brian Rix a gidan wasan Whitehall da ke Landan. Da na gano haka sai Manuel ya daina ba ni mamaki. Faɗuwa da tuntuɓe da shan mari a daidai daƙiƙar da ake so ba baiwa ce kawai ba, sana'a ce da aka koya dare bayan dare a gaban mutane masu rai.

Idan abin ya kai ka ga son ganin takardu na asali, akwai rumbun rubuce-rubucen BBC a Caversham, kusa da Reading. A nan ake ajiye fayil-fayil na waɗanda suka yi wa gidan aiki, da kwantiragi da wasiƙu, da kuma takardun da ke nuna abin da aka watsa a zahiri, waɗanda ke gyara kuskuren Radio Times. Ba wurin da ake faɗawa kai tsaye ba ne, sai an rubuta an nemi izini. Idan ka ci karo da tsohon kwantiragi, a can ko a cikin wani littafi, za ka ga ana yanka ladan aiki da abin da suke kira guinea, wato sule 21, fam ɗaya da sule ɗaya. Birtaniya ta bar lissafin sule ran 15 ga Fabrairu 1971, don haka guinea ɗaya a sabon lissafi fam 1.05 ne. Kada ka juya adadin zuwa kuɗin yau da ka, za ka yi wa mai karatu ƙarya ba da niyya ba. Ka kwatanta shi da abin da aka biya wani ɗan wasa a wannan shekarar, ya fi faɗin gaskiya.

Tarihin mamaci da jaridun Birtaniya ke bugawa, irin na Guardian da Telegraph da Times da Independent, yana da daɗin karatu, kuma daga shi mutane da yawa ke farawa. Ni na fi son in zo masa bayan na cika teburina. Dalili kuwa, marubutan sukan kwafi juna, kuma sukan ba rawar da ta yi suna kashi uku cikin huɗu na shafin, su dunƙule shekara arba'in na rediyo a jimla ɗaya. Ka karanta aƙalla uku, ka ja layi a inda suka saɓa. Ka kuma lura da kwanan wata. Sachs ya rasu ran 23 ga Nuwamba 2016 bayan fama da ciwon mantuwa, amma ba a sanar ba sai 1 ga Disamba. Na taɓa rubuta Disamba a matsayin watan rasuwarsa domin duk labaran da na buɗe kwanan watansu ke nan. Ranar buga labari daban, ranar faruwar abu daban.

Wani abin kuma, injin bincike yana son hayaniya. Ka rubuta sunan Sachs, rabin abin da zai zubo maka kan badaƙalar 2008 ne, lokacin da wasu masu gabatar da shiri biyu a Radio 2 suka bar masa saƙonnin batsa a wayarsa aka kuma watsa. Abin ya faru, yana da gurbinsa a tarihinsa, amma gurbin sakin layi ɗaya ne. Ka riƙa haɗa sunan da shekara ko da sunan wasa domin ka tsallake tarkacen. Sunaye na gama-gari kuma sai an yi hattara. Michael Williams da ya yi Watson tare da Clive Merrison a matsayin Holmes daga 1989 zuwa 1998, suka kammala duka labaran Holmes 60, shi ne mijin 'yar wasa Judi Dench, wanda ya rasu a 2001, daga nan Sachs ya karɓi rawar a 2002. Masu wannan suna a harkar fim suna da yawa, har da Ba'amurke, kuma na ga inda aka cakuɗa su.

Sai kuma labaran da suka fi gaskiya daɗi. Kowane tsohon ɗan wasa yana da irinsu, kuma mafi shahara shi ne na Norman Shelley. An daɗe ana yaɗa cewa shi ne ya kwaikwayi muryar Firaminista Winston Churchill ya karanta wa 'yan Birtaniya jawaban yaƙi na 1940 a rediyo. Ga yadda ake warware irin wannan. Ka raba abin da aka tabbatar da abin da aka ɗora a kai. Jawabin 4 ga Yuni 1940 a zauren majalisa Churchill ya yi shi, ba a ɗauki muryarsa a ranar ba, mai karanta labarai ne ya karanto sassansa da yamma. Muryar da ake ji yau yana faɗin jawabin an naɗe ta ne a 1949. Shelley ya iya muryar Churchill, shi da bakinsa ya ce ya taɓa naɗar jawabinsa, kuma an samu wani faifai mai kwanan watan 1942 ɗauke da sunansa. Wannan duka yana nuna ya yi naɗi. Bai nuna cewa an sa shi a madadin Firaminista a 1940 ba, kuma masana tarihin Churchill sun ƙi amincewa da haka. Idan za ka rubuta, ka ce wane ne ya faɗa, yaushe ya faɗa, me takarda ta nuna, ka tsaya nan. Haka za ka yi da abin da ɗan wasa ya faɗa game da kansa a littafin tarihinsa ko a hira. Ka duba ko an taɓa gayyatarsa Desert Island Discs, shirin da ke gudana tun 1942 inda baƙo ke zaɓar faifai takwas yana ba da labarin rayuwarsa. Za ka ji mutumin da kansa, amma ka tuna labarin da aka ba da sau ɗari ya riga ya sha gyara.

Bayan duk wannan sai ka saurara, idan akwai abin saurare. Ka shirya wa takaici: wasanni da yawa na farko kai tsaye aka watsa su ba a naɗa ba, waɗanda aka naɗa kuma an goge tef ɗin da yawa an sake amfani da shi, domin a lokacin tef yana da tsada kuma ba wanda ya ɗauka za a nema. Wasu sun tsira ne kawai saboda wani mai sauraro ya naɗa a gidansa, daga baya aka mayar wa BBC. Abin da ya rage za ka same shi a maimaicin Radio 4 Extra, da faya-fayan da ake sayarwa, da sashen sauti na British Library a Landan.

Idan ka samu, ka ji sau biyu. Na farko don labari, na biyu don sana'a. Ɗan wasan rediyo yana tsaye ne da takarda a hannu, ba hadda yake ba, kuma dole ya juya shafi ba tare da makirfo ya ji ba. Nisa da kusanci duk da ƙafa ake yinsu: ya matso ya yi raɗa sai ka ji kamar a cikin kanka yake tunani, ya ja baya ya juya kai sai ka ji ya fita ɗaki. Ka lura da inda yake jan numfashi, domin murya tana sauyawa daga rawa zuwa rawa amma numfashi bai cika sauyawa ba. Duk da haka kada ka sa abin da kunnenka ya gaya maka a tebur sai ka samu takarda. Ni da na kasa gane Manuel a bakin Watson ba ni da bakin cewa kunne shaida ne.

A teburina na Sachs akwai layi ɗaya da ya ƙi zama daidai. A 1978 BBC ta watsa wani gajeren wasa mai suna The Revenge, shi ya rubuta, shi ya taka. Babu zance a cikinsa ko kaɗan. Sawun gudu ne, da haki, da ruwa, da ƙarar ƙofa, mutum ana farautarsa, daga baya shi ma ya koma farauta. An naɗe shi ta yadda kowane kunne ke jin nasa ɓangaren, don haka a lasifika ɗaya rabinsa yake zubewa. Idan ka same shi, ka sa abin sauraro a kunne biyu, ka kashe fitila. A gidan rawar da ya taka na rasa sunan da zan sa, sai na rubuta: mai numfashin.